Sharhi a kan sunan da aka ba wani ma'auni na tagulla

A cikin kayan tarihi da wani mai tara su ya nuna mana a Damagaram akwai wani ɗan guntun tagulla mai kusurwa huɗu, wanda faɗinsa bai fi farcen babban yatsa ba. An ɗaura masa takarda mai cewa: misƙali, ma'aunin zinariya na Asante. Wannan suna ba shi da sabon abu, domin haka ake laƙaba wa kusan kowane ƙaramin ma'auni da ya faɗo hannun dillalan kayan da. Amma da muka duba abin da idon basira, sai muka ga kalmomin nan ba su dace da shi ba, kuma kuskuren ya cancanci a tsaya a kansa.

Hujja ta farko ita ce nauyi. Misƙali ba sunan siffa ba ne, sunan awo ne. Tun gyaran da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya yi a shekara ta 77 bayan Hijira, dinari ya zauna a kan giram 4,25, a ƙasashen Sudan ta yamma kuwa misƙalin fatake yakan kai wajen giram 4,5. Da wannan awo ne Ibn Battuta ya faɗi farashin sandunan jan ƙarfe na Takadda a 1353. To, da muka ɗora wannan tagulla a sikeli, giram 3,4 ta ba mu. Lalle tsufa da shafar hannu sukan rage ƙarfe, amma ba sa cinye kashi ɗaya cikin biyar su bar zane raɗau. Akwai kuwa tsabar zinariya da ta yi daidai da wannan nauyi, wato dukat, wadda birnin Venise ya fara bugawa a 1284, mai giram 3,5, wadda ƙasashen Turai da dama suka kwaikwaya.

Hujja ta biyu ita ce ƙira. Maƙeran Akan zubi suke yi: su siffanta abin da kakin zuma, su lulluɓe shi da yumɓu, su narkar da kakin, sa'an nan su zuba tagulla a gurbinsa. Saboda haka ake fasa kowane mazubi, ba a samun biyu iri ɗaya sak, kuma sau da yawa ana ganin alamar zaren kaki a jiki. Namu ba haka yake ba. An yanke shi daga shimfiɗaɗɗen ƙarfe, aka buga masa hatimi fuska biyu kamar yadda ake buga kuɗi, aka goge gefensa da magagari har ya zo daidai awo.

Hujja ta uku, wadda ta fi sauran ƙarfi, ita ce alama. A fuska ɗaya akwai sarki a tsaye da kambi, riƙe da gatari. Wannan Ladislas ne, wanda ake zanawa a kan dukat ta ƙasar Hangari. Ma'anarsa, duk wanda aka kawo wa tsabar mai wannan hoto, ga abin da zai gwada ta da shi, ko da bai iya karatu ba. A ɗaya fuskar akwai tafin hannu a buɗe tare da haruffa. Mai takardar ya ɗauka hannun nan karin magana ne irin na Akan, wani kuma ya ce mana hannun Fatsima ne na Larabawan arewa. Alhali hannu tambarin birnin Anvers ne, a ƙasar Beljik ta yau, kuma masu ƙera ma'aunin kuɗi a can sukan buga shi tare da haruffan farko na sunansu da lambar shekara, domin a san wanda za a tuhuma in an sami ha'inci. Sana'ar ta bunƙasa a ƙarni na 16 da na 17; bayan da sojojin Isfaniya suka ci birnin a 1585 kuwa, sai waɗansu maƙera suka yi ƙaura zuwa Amsterdam.

Duk da haka ba mu ce mai takardar ya yi shirme tsagwaronsa ba. Ya ga abin a hannun zuriyar fataken Gwanja, kuma tabbas ne kayan awo na Turai sun shiga jakar masu auna zinariya a bakin teku, inda Fotugal ta gina Elmina a 1482, Holand ta ƙwace ta a 1637. Timothy Garrard, a littafinsa na 1980 a kan ma'aunan Akan, ya yi ƙoƙarin nuna cewa tsarinsu ya tsotso daga awon Musulunci da na Turai, ko da yake waɗansu masu bincike na baya sun ja da shi a kan haka. Inda ya kauce shi ne da ya mai da wurin da aka yi amfani da abu ya zama wurin da aka ƙera shi. Goron da aka saya a Maraɗi ba a Maraɗi ya tsiro ba.

Abin da ya fi shafar mu, ma'aikatan harshe, shi ne kalma. In muka bar misƙali ta haɗiye kowane ma'auni, to ƙamus ɗinmu zai rasa bambanci tsakanin abu biyu: ma'aunin garin zinariya, wanda ake yanka farashi da shi, da ma'aunin tsabar kuɗi, wanda aikinsa kawai ya tona asirin tsabar da aka rage wa baki. Ɗalibin da ya kwafi takardar nan zai ƙirga tagullar Anvers cikin shaidun fasahar Asante, wanda ya biyo shi kuma ya gina a kan nasa.

Shawararmu ita ce, kafin a rubuta suna a auna, a dubi ƙira, a karanta alama, sa'an nan a ware layi dabam domin inda aka samo abin da bakin wanda aka ji labarinsa. Takardar wannan tagulla kamata ya yi ta ce: ma'aunin tsabar dukat, ƙirar Anvers, giram 3,4, an same shi a Damagaram a gidan fataken goro.