4.3 Jigon Tsoro a Fim ɗin Ringu da Matsayinsa a Idon Bahaushe

A wannan sashe za a duba fim ɗin Ringu wanda Hideo Nakata ya shirya a ƙasar Japan a 1998, daga littafin Koji Suzuki na 1991. Manufa ita ce a gano abin da zai riƙe hankalin mai kallo Bahaushe, kamar na garin Mairuwa, wanda ya fi sabawa da finafinan Indiya.

Labarin ya ginu ne a kan wani kaset na bidiyo, wanda duk ya kalle shi zai mutu bayan kwana bakwai. Wata 'yar jarida mai suna Reiko ta bi diddigi, ta gano cewa kurwar Sadako ce, yarinyar da aka jefa rijiya, ke ɗaukar fansa. Idan aka lura, ba a cika nuna jini ko yanka ba. An dogara ne ga shiru da duhu da ƙarar wayar tarho da ƙirgen kwanaki. Wato zullumi shi ne makamin fim ɗin.

Wannan salo ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A al'adance ya san fatalwa, ya kuma ɗauki kufai da tsohuwar rijiya da gindin tsamiya a matsayin mazaunin iskoki. Bugu da ƙari, ya yarda cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ke nan tasowar Sadako daga rijiya ba ta buƙatar dogon bayani a wurinsa.

Sai dai a nan ne hanya ta rabu. A tatsuniya, Dodo yakan faɗi ta hanyar dabara, a bori kuwa akan lallashi iska ta lafa. A Ringu, Reiko ta tono ƙasusuwan Sadako amma fansa ba ta tsaya ba, har tsohon mijinta Ryuji ya mutu. Mafita ɗaya ita ce a kwafi kaset ɗin a nuna wa wani. Don ta ceci ɗanta, sai ta nufi mahaifinta da shi. Alhakin ya bar mai shi, ya koma bin marar laifi. Wannan ya saɓa wa tunanin Bahaushe game da sakayya, kuma daga wannan saɓani ne ainihin tsoron ke tasowa, domin mai kallo zai tashi yana tambayar kansa wanda shi zai miƙa wa kaset ɗin.

Ta fuskar karɓuwa, manazarta sun daɗe da yaba irin waɗannan finafinai. Alal misali, Kwaidan na Masaki Kobayashi ya sami lambar yabo a bikin Cannes na Faransa a 1965. Shi ma Ringu an sake shirya shi a Amurka a 2002 da sunan The Ring. Amma an soki waɗanda suka biyo baya da yawan maimaita siffar mace mai farar riga da gashi a fuska, har aka kai ga haɗa fatalwa biyu faɗa a Sadako vs. Kayako na 2016.

A taƙaice, ƙarfin Ringu yana cikin zaɓin da ya tilasta wa uwa ta yi tsakanin ɗanta da mahaifinta. Masu kwaikwayonsa da dama siffar fatalwar kawai suka ɗauka, suka bar wannan zaɓi.