Batir a Mazaunin Yara

Duk wanda ya yi wayo a Zangon Kumasi cikin shekarun 1970 da 1980, ko a Aboabo ya tashi ko a Asawase ko Alabar, ba ya bukatar a yi masa ta'arifin Fijo 504 mai dogon baya da layin kujeru uku, domin tana cikin motocin da suka gaji jakunan fatake a kan hanyar arewa, ta kwashi mutane da huhun goro zuwa Tamale da Bolga da Bawku, ta dawo da albasa da zabi. A Faransa aka fara ƙera 504 a shekarar 1968, mai dogon bayan ta biyo bayan 'yan shekaru kaɗan, sa'an nan daga 1975 aka shiga harhaɗa Fijo a Kaduna, har ta zama tamkar 'yar gida a wannan yanki namu. Yayana, Allah ya jiƙansa, ya tuƙa ta shekaru masu yawa, kuma a kujerar bayanta na fara ganin Kintampo.

Saboda haka na yi farin ciki matuƙa da na ga samarinmu sun koma neman waɗannan tsofaffin motoci a inda aka jingine su, suna kai su Suame Magazine, inda ba a taɓa yanke ƙauna daga ƙarfe, ana yi musu walda da fenti har su tashi. Sai dai tare da wannan alheri wata al'ada ta shigo wadda ta hana ni sukuni, wato cire batir daga mazauninsa na asali a gefen injin, a mai da shi can bayan mota.

Adalci ya wajabta in fara kawo hujjojin masu yi, don ba duka ne na banza ba. Zafin injin yana rage wa batir kwana, balle a ƙasa irin tamu. Tiren ƙarfen da yake zama a kai, bayan shekara arba'in ruwan batir yana ɗiga masa, sau da yawa tsatsa ta cinye shi har ya zama kamar rariya. Wanda kuma ya sa wa motarsa injin Toyota ko Nissan, ko ya ƙara na'urar sanyaya ɗaki, yakan rasa wuri a ƙarƙashin bonet. Waɗannan larurori ne na gaskiya. Amma mafi yawan waɗanda na zanta da su ba larura ce ta kai su ba, sha'awa ce: sun ga motocin tsere a wayoyinsu an share musu gaban injin tas, an ce mai da nauyi baya yana daidaita mota a kwana, sai suka yi taƙlidi ba tare da tambayar illar hukuncin ba. Batir bai wuce kilo 15 zuwa 20 ba, nauyin yaro ƙarami ke nan, kuma motar da aka ƙera don ta ɗauki mutum bakwai da kayansu ba za ta san an matsar da wannan ba.

Sukan ce mini ai BMW da Marsandi da yawa a baya kamfani ya sa musu batir. Haka ne, amma wannan ƙiyasi ne tare da bambanci, kuma malamanmu sun koya mana cewa irin wannan ƙiyasi ba ya tsayuwa. Ƙaramar mota tana da but, ɗaki ne daban, da shamaki tsakaninsa da fasinja, kuma kamfanin ya yi wa batirin gurbi da maɗauri da bututun fitar da iska. Mota mai dogon baya kuwa ɗaki guda ce tun daga sitiyari har ƙofar baya, iskar da direba yake shaƙa ita ce ke yawo a kan kaya, kuma layin kujeru na uku, wanda bisa al'adarmu nan ake cusa yara ranar Salla ko ranar biki, shi ne maƙwabcin wurin da ake ajiye batirin. Batir idan yana caji yana fitar da iskar haidurojin, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma da zarar ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa ya kunna ta. Idan altaneta ta lalace ta yi ta ɗura masa wuta fiye da kima, sai ruwansa ya tafasa, a ji wari kamar na baragurbin ƙwai. Ko irin wanda ake cewa ba a ƙara masa ruwa, shi ma yana da kafar da yake huci ta nan idan an matsa masa. Tsohuwar Volkswagen mai kama da kunkuru, wadda batirinta ke ƙarƙashin kujerar baya, an san ta da kama wuta idan murfinsa ya ɓace, ƙarafan kujera suka sauka a kan kawunansa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na gani da idona a bara. Ɗan wani aminina ya zo ya ɗauke ni zuwa ɗaurin aure a cikin Fijon da ya gyara, fara fat, har na yi masa addu'a. Da muka buɗe baya don sa tabarmi, sai na ga batir a tsugune a kusurwa, an ɗaure shi da tsinken robar tayar mota, kawunansa a buɗe, jak da sifana suna kwance kusa da shi. Na bi jar wayar da yatsa har inda ta shige ta wata huda da aka yi a ƙarfen ƙasa, bakin hudar da kaifi, babu ko ɗan zoben roba, kuma rigar wayar ta riga ta fara gogewa. Na nemi fiyus ban gani ba. Na ce masa, “Ɗana, wa ke zama a kujerar nan?” Ya ce, “Baba, jikokinka ne.” Na ce to yau a tasi za mu tafi.

Wayar nan ita ce asalin haɗarin, fiye ma da iskar. A mazauninsa na fari, tsakanin batir da abin tayar da injin bai fi kamu biyu ko uku ba. Idan aka kai shi baya sai wayar ta zama mita 4 ko 5, alhali tayar da injin yana jan wuta da ta kai amfiya 200 ko fiye. Idan wayar siririya ce, ko irin mai arhar nan ce ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, sai wutar ta raunana a hanya, mota ta riƙa nishi da asuba, mai ita ya yi ta zagin batir ba da haƙƙinsa ba. Idan kuwa rigarta ta yanke ta taɓa jikin mota, babu fiyus a kusa da batir, za ta yi ja wur cikin daƙiƙu kaɗan tun daga baya har gaba, a ƙarƙashin kafet, kuma tankin mai a baya yake.

Ba na cewa haramun ne a matsar da batir. Ina cewa rukhsa ce ga mai larura, kuma tana da sharuɗɗan da ba a yafe ko ɗaya. A yi masa akwati mai murfi da ke rufuwa ruf, da bututu mai fita waje; a ɗaure akwatin da noti a jikin ƙarfe mai lafiya, yadda ko mota ta kife ba zai tashi ya faɗa wa mutane ba; a sa wayar jan ƙarfe zalla mai kaurin ɗan yatsa, irin ta injin walda, da babban fiyus dab da kan batir, da zoben roba a kowace huda, a kuma kankare fenti har ƙarfe ya fito fili kafin a ɗaura wayar da ke komawa jikin mota. Wanda ya lissafa kuɗin wannan duka zai tarar ya ninka kuɗin sabon tire sau da yawa. Ga masu gyara kuma, na san akwai waɗanda ke ƙin yin rabin aiki ko da mai mota zai fusata ya tafi wani wuri, kuma su nake girmamawa, domin rayukan da za su hau motar amana ce a hannunsu ko da ba za su taɓa ganin fuskokinsu ba.

Bayan mako guda da ɗaurin auren nan, ɗan aminin nawa ya zo muka tafi Suame tare, wurin wani dattijon mai walda. Ya leƙa ƙarƙashin bonet, ya ƙwanƙwasa ruɓaɓɓen tiren da sifana, ya ce, “Alhaji, wannan ai aikin yini ɗaya ne.” Ya yanko sabon ƙarfe ya lanƙwasa, ya yi masa fenti, ya ƙara wani ɗan faranti tsakaninsa da injin don tare zafi. Kafin la'asar batir ya koma gaba, an zare doguwar wayar, an toshe hudar, muka shimfiɗa tabarma a inda yake a da.