Tubali da Bulo: Sharhi a Kan Fasalin Sababbin Gidaje a Dugabau da Kewayenta

1.0 Gabatarwa

Masana adabi sun saba auna waƙa ta fuskar jigo da salo da tsari. Gida ma abin aunawa ne, domin shi ma ƙirƙira ce ta ɗan Adam, yana da manufa, yana da zubi, kuma a cikin masu yin sa akwai gwani akwai ɗan koyo. Sai dai waƙar da ta karye kunne kaɗai take ɓata wa, gidan da ya karye kuwa a kan mutane yake faɗawa. Wannan sharhi zai duba fasalin sababbin gidajen da ake ginawa a Dugabau, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Kabo, da sauran garuruwan yankin irin su Garo da Godiya da na ƙasar Gwarzo, a yammacin Jihar Kano. Za a auna su da ma'auni uku: yadda suke kare mazauninsu daga zafi, da yadda suke tsayawa gaban ruwa da iska, da kuma gwargwadon abin da ginin su yake ƙara wa ɗumamar duniya. Za a kwatanta su da ginin gargajiya, sa'an nan da wani gwaji da aka yi a ƙasar Hausa ta Nijar.

2.0 Yanayin da Ake Gini Dominsa

Kafin a yanke wa gini hukunci, wajibi ne a san abokin karawarsa. Dattawan yankin sun ga farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, kuma a sanadin fari irin wannan ne aka dage wajen gina madatsun ruwa kamar Guzuguzu da Magaga da Pada, da babbar madatsar Challawa ta Ƙaraye wadda aka kammala a 1992. Wato tunanin wancan zamani shi ne yadda za a tsare ruwa kada ya wuce. Amma tun a watan Agusta na 1988, lokacin da madatsar Bagauda ta ɓalle bayan mamakon ruwa, aka ga cewa yawan ruwa ma bala'i ne.

Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan Adam, ya nuna cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau 3 tun daga 1982. Ma'anar wannan ga magini ita ce, ruwan da a da yake sauka a hankali cikin kwanaki, yanzu yakan zubo cikin sa'o'i kaɗan, da iska a gabansa. Ambaliyar 2022 ta halaka mutane fiye da 600 a Nijeriya. Ta fuskar zafi kuwa, a watan Afrilu na 2024 ma'auni ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali, kuma a ƙasar Kano ba baƙon abu ba ne bazara ta haura digiri 40. Saboda haka gidan da za a gina yau yana fuskantar rana mai ƙuna da hadari mai ƙarfi a lokaci guda.

3.0 Amsar Magina na Dauri

Duk mai son sanin abin da maginin Hausa ya fahimta game da yanayi, ya dubi kalmomin sana'arsa, domin kusan kowace kalma amsa ce ga wata matsala. Tubali, wanda ake mulmulawa da hannu daga ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa, rana ce ke busar da shi, ba a ƙona itace ko mai dominsa. Ana ɗora bango da kauri a gindi, yana tafiya yana sirancewa, kuma wannan kauri shi ke shanye zafin rana ya jinkirta shigarsa ɗaki har sai yamma ta yi. Taga ƙarama ce, a sama take, don iska mai zafi ta fita, ƙurar hunturu kuma ta ragu. Rufin soro na azara ne, wadda ake tsagowa daga giginya, musamman namijinta, domin gara ba ta cika cin ta ba. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyi idan ratar ta wuce kamar ƙafa 6, sai magina suka ƙago bakan gizo da ɗaurin guga don su rufe ɗaki mai faɗi. Ƙololuwar wannan fasaha ita ce Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu.

Wajen ruwa ma akwai tanadi. Makuba, daga kwasfar ɗorawa, tana sa yaɓe ya yi ƙarfi. Laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara, shi ne ke hana ruwa ratsa rufi. Rawani yana tare ruwan saman soro, indararo ya harba shi nesa da bango, rariya ta fitar da na tsakar gida, daga nan ya gangara kududdufi, wato ramin da aka haƙi ƙasar ginin tun farko. Ke nan ramin da gari ya fito daga cikinsa shi ne kuma ma'ajiyar ruwan garin. Bugu da ƙari, da yake soro yana sakin zafinsa da dare, tsarin gida ya tanadi tsakar gida da rumfa da inuwar itace inda iyali ke kwana a bazara, zaure da shigifa kuma suna tsare musu sirri.

4.0 Sabon Gini

Fasalin da ya bazu yanzu, daga unguwannin hanyar Gwarzo ta Janguza da Rimin Gado har cikin ƙauyuka, sananne ne: bangon bulo mai inci 6 ko 9, rufin kwano, taga mai gilashi, daɓen siminti, sau da yawa kuma babu silin sai hali ya samu. Ba daidai ba ne a ce manomin Dugabau da ya zaɓi wannan bai san abin da yake yi ba. Ya gaji da yaɓen shekara-shekara, ya ga katangar ƙasa ta zube a watan Agusta, kuma ya san ɗakin bulo yana ƙarewa cikin makonni. Hujjarsa tana da ƙarfi, amma ginin da ta haifar yana da rauni a ma'aunan nan uku.

Na farko, bulo siriri ne kuma cikinsa rami ne, bai da nauyin da zai riƙe zafi, kwano kuwa da hantsi ya ɗaga ya ɗauki wuta, sai ya riƙa sauke ta kai tsaye a kan mutane. Wannan fasali an tsara shi ne bisa zaton akwai fanka da lantarkin da ba ya yankewa, zaton da bai tabbata ba a karkara. Waɗanda suka fi shan wahalarsa su ne masu yini a cikin gida, wato mata da jarirai da tsofaffi da marasa lafiya. Na biyu, hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa da guguwa, kuma kwanon da aka kafa da ƙusa a kan katako mara ƙwari, ba tare da an ɗaure shi da bango ba, shi ne abin da iska ke fara yayewa. Haka kuma bulon da aka tsuke wa siminti don a sami yawa yakan marmashe idan ya sha ruwa. Na uku, siminti ana samun sa ne ta hanyar ƙona dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 1,450, kuma masana'antarsa ita ce tushen kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Buhun da ya iso Kabo ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a mota daga Obajana ko Sakkwato ko Ashaka, alhali jar ƙasa tana ƙarƙashin ƙafar mai ginin.

Akwai kuma aibin da ya fi na kowane ɗaki guda, wato na tsarin unguwa. Idan aka yanka fuloti aka cika shi da ɗakuna har iyaka, tsakar gida ta tsuke, an sare ɗorawa da tsamiya, an cike kududdufi an yi gini a kai, to ruwa ba ya manta hanyarsa. Birnin Kano ya riga ya ɗanɗana sakamakon cike kududdufai, bai kamata garuruwan karkara su maimaita ba.

5.0 Raunin Kiran a Koma Jiya

Wasu masu kishin al'ada suna ganin magani shi ne a koma ginin ƙasa yadda yake. Wannan ra'ayi yana da daɗin ji, amma bai lura da abu biyu ba. Na ɗaya, soro ya dogara ne da wasu sana'o'i da itatuwa da suka ja baya. Giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, kuma ta yi ƙaranci. Marina sun mutu a garuruwa da dama, idan babu marina babu katsi, idan babu katsi babu laso. Gayyar da ake yi wa yaɓe ta ragu tun da samari suka koma cin rani da haya da babur. Na biyu, ginin ƙasa an daidaita shi ne da damina irin ta da. Rufin da ya sha ruwan kwana biyu a jere nauyinsa yana ƙaruwa, gindin bangon da ruwa ya kwanta a jikinsa yana narkewa, kuma ta haka ake rasa rayuka. Wanda ke zaune a gidan siminti a birni yana yabon soro, bai da bakin da zai zargi mutumin ƙauye.

Harshe ma ya yanke nasa hukunci. A bakin jama'a yau, «gidan ƙasa» ya zama kinaya ta rashi, «ginin zamani» kuwa ta samu, har wajen neman aure ana duba wannan. Duk fasalin da bai kawar da wannan tambari ba, komai ingancinsa, ba zai sami karɓuwa ba.

6.0 Darasin Dandaji

A Dandaji, wani garin Hausawa a Jihar Tawa ta Nijar, an kammala wani aiki mai suna Hikma a 2018, bisa zanen Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili. An mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, aka gina sabo mai ɗaukar mutum 1,000 da tubalin jar ƙasa da aka matse da na'ura, kuma aka gayyato maginan gargajiya cikin aikin. Irin wannan tubali akan sa masa siminti kaɗan ƙwarai don ya jure ruwa, yana da nauyin da ke riƙe sanyi, yana da kusurwa da kyan gani irin na bulo. Tun kafin nan, Kamara da abokan aikinta sun gina gidaje 6 da irinsa a Yamai a 2016. Abin lura, gidauniyar kamfanin siminti na LafargeHolcim ce ta ba aikin Dandaji lambar yabo. A yankin Tawa ɗin dai, masallacin Yama na Alhaji Falke Barmu, wanda aka soma a 1962, ya ci lambar Aga Khan a 1986. A Gando ta Burkina Faso kuma, Francis Kéré ya nuna a makarantar da ya gina a 2001 cewa kwano ba abokin gaba ba ne idan aka ɗaga shi sama da silin na ƙasa, aka bar rata iska na ratsawa, aka kuma fito da bakinsa ya yi wa bango laima.

Duk da haka, a yi hattara wajen kwaikwayo. Hikma ginin jama'a ne, mai masu zane da masu ɗaukar nauyi, ba ɗakin amarya ba ne da manomi zai tayar bayan ya sayar da masara. Na'urar matsa tubali ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Darasin zai yi amfani a Dugabau ne kawai idan ya sauko zuwa aljihun talaka.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, fasalin da ya dace da yankin yana iya fitowa fili: harsashin dutse da siminti wanda ya ɗaga sama da inda ruwa ke kwanciya, bangon tubalin ƙasa mai kauri, ƙarin kariya ga bangon gabas, kwano ɗaurarre mai faɗin baki a bisa silin, tagogi masu fuskantar juna, da tsakar gida mai itace. Ta haka buhunan simintin da za a warwatsa a bango duka sai a tara su inda ruwa ke cizo.

Sauran aikin na hukuma ne da masana. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da filaye a karkara, saboda haka Kabo da Gwarzo suna da hurumin keɓe kududdufai da hanyoyin ruwa kafin a yanka fuloti. Suna kuma iya gina aji ko ɗakin shan magani da tubalin matsi, domin idanun jama'a su ga ƙasa a ginin hukuma, su daina ganin ta alamar talauci. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta tarayya, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana ƙera na'urorin wannan tubali, kuma ƙungiyar magina tana iya mallakar ɗaya ta riƙa ba da haya. Su kuma sassan Hausa na jami'o'i, alhakinsu ne su je wurin Sarakunan Magina da sauran dattawan sana'ar su rubuta yadda ake haɗa laso da yadda ake ɗaure guga tun masu sanin suna raye, domin ƙamus yana adana sunan abu ne kawai, gwargwado da lokacin kwaɓi kuwa a hannun magini suke.