Hajjin Ƙasa da Garuruwan da Hanya ta Haifa

Hajjin ƙasa, wato tafiya Makka da ƙafa ko bisa jaki da raƙumi kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, al'ada ce da ta daɗe a ƙasar Hausa, kuma babban abin da ya raba ta da hajjin yau shi ne tsawon lokacinta, domin mutum yakan kwashe shekaru a hanya, wani ma ajali ya riske shi bai ga Ka'aba ba. Wannan ya sa maniyyaci yakan biya basussukansa, ya nemi gafarar dangi, ya bar wasiyya, sannan a raka shi bayan gari kamar wanda ba a sa ran dawowarsa. Hanyar da ta fi shahara a farkon ƙarni na 20 ita ce wadda ta tashi daga Kano ta ratsa Borno, ta bi ta Abeshe a ƙasar Wadai, ta shiga Darfur da Kordofan, har ta kai Suwakin a gaɓar Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda.

Da yake guzurin talaka ba ya kai shi ko rabin wannan nisa, sai sana'a ta zama wani ɓangare na ibadar. Ayari yakan yada zango, wato masaukin da matafiya ke sauke kaya su huta, idan kuma damina ta kama su a nan sai su ari gona su yi noma, wanzami ya buɗe zabirarsa, maɗinki ya zauna da allurarsa, malami ya tara yara yana yi wa mutanen gari rubutun sha, har a tara abin da zai kai su zango na gaba. A irin wannan zaman ake ɗaura aure, a haihu, a binne tsofaffi, kuma da zarar mutum ya sa mahaifinsa a ƙasar wani wuri, wurin ya tashi daga masauki ya koma wani abu mai wuyar bari.

Babban misali shi ne garin Mai Wurno. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas da ɗimbin jama'a, aka kashe shi a yaƙin Burmi cikin wannan shekara, sai ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake wa laƙabi da Mai Wurno, ya ci gaba da waɗanda suka tsira har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar a Sudan, inda garin ya ɗauki laƙabinsa. Wurno kuwa ribaɗi ne, wato garin tsaron iyaka, a arewa maso gabashin Sakkwato, inda wani Muhammadu Bello daban, Sarkin Musulmi, ya zauna, don haka sunan da ke kan taswirar Sudan a yau yana ɗauke da wani gari da mafi yawan mazauna Mai Wurno ba su taɓa gani ba. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sannar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai mahajjata suka sami aikin ƙwadago, aikin da aka shiga don neman kuɗin jirgi amma ya riƙe iyalai har jikoki.

Masanin halayyar al'umma Bawa Yamba, a littafinsa na 1995 kan Hausawan Jazira, ya nuna cewa har waɗanda aka haifa a can suna ɗaukar kansu mahajjata da ke kan hanya, kuma suna gudun gina gidaje masu ƙarko don kada ginin ya ƙaryata niyyar. Wannan fassara tana da ƙarfi, sai dai ba ta cika ba idan aka tsaya ga imani kaɗai. Mutumin da maƙwabtansa ke kira Fallata ko Takari, sunayen da a Sudan ake jingina wa duk wanda asalinsa Afirka ta Yamma ne kuma sau da yawa da raini a cikinsu, yana da dalili na duniya da zai fi son a san shi da baƙon Allah bisa a san shi da ɗan ƙwadago. Dokokin zama ɗan ƙasa da aka fara kafawa a 1948, waɗanda suka nemi asalin mutum ya kasance a Sudan tun kafin 1898, sun ƙara tura su ga wannan matsayi, tunda mutanen Mai Wurno kansu bayan nan suka iso.

Abin da hanya ta bari bai tsaya ga sunayen garuruwa ba. A kasuwannin Omdurman da Wad Madani ana sayar da agashe, nama da ake yanka fale-fale a barbaɗe shi da garin ƙuli-ƙuli da yaji a gasa a bakin wuta, kamar yadda mai tsire ke yi a Kano, kuma Larabawan da ke layin saye suna kiransa da wannan suna na Hausa, mafi yawansu ba tare da sun ji kalmar gashi a cikinsa ba.