"Charge" Ba Kullum Take Nufin Caji Ba



Yau za mu duba kalmar Ingilishi "charge", wadda Hausa ta ara ta mayar "caji". Aron ba laifi ba ne. Muna sa waya a caji, kuma tun zamanin Turawa ake kiran ofishin 'yan sanda "caji ofis". Matsalar ita ce yadda wasu masu fassara labarai, har da ɗalibai a jarrabawa, da sun ga "charge" sai kawai su rubuta "caji". Sai ka ji an ce "an caji mutumin da laifin sata". To, waya ce shi?

Bari mu koma asali. Kalmar ta shiga Ingilishi daga tsohon Faransanci wajajen ƙarni na 13. Shi kuma ya samo ta daga Latin "carricare", wato yi wa amalanke lodi. Tushenta "carrus", amalanke, kuma daga nan ne "car", "carry" da "cargo" suka fito. Ka ga ke nan ma'anar farko ita ce ɗora kaya.

Riƙe wannan, sauran duk za su zo maka da sauƙi. Wanda yake "in charge" an ɗora masa nauyin kula da abu. Wanda aka yi "charging" a kotu an ɗora masa laifi. Kuɗin da aka nemi ka biya, shi ma nauyi ne a kanka. Batir kuwa lodin lantarki ake yi masa, ma'anar da ta zo daga baya, a shekarun 1740, kuma Benjamin Franklin na Amurka yana cikin waɗanda suka fara amfani da ita.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne Bahaushe ma haka yake tunani. Muna cewa "an ɗora masa laifi", "an ɗora mana haraji", "nauyin gidan yana wuyansa". Hoton ɗaya ne, kaya a kan mutum. Wanda ya rubuta "caji" a ko'ina ya bar na gida ya tafi aro.

Ga yadda ya kamata:

A kotu: an tuhume shi da sata.
A wurin aiki: shi ne mai kula da sashen.
A kasuwa: nawa ne kuɗin aikin?
"Free of charge": kyauta.
A fagen yaƙi: sun afka wa abokan gaba.
A waya: nan kam, caji ne.

Kada ka ɗauki abin da wasa. Tuhuma daban, hukunci daban. Fassarar da ba ta fito da "tuhuma" sarai ba tana iya sa mai karatu ya ɗauka an riga an kama mutum da laifi, alhali ko shari'ar ba a fara ba.

Don haka kafin ka fassara, tambayi kanka: wane kaya aka ɗora, kuma a kan wa?

Allah ya ƙara mana fahimta.