Jinjina ga Makaɗan Jita na Arewacin Adar

Masu kaɗa jita a bukukuwan aure, daga Tawa zuwa Abalak da Cintabaradan, sun ci a yaba musu: su ke tsara waƙa, su rera, su kwana tsaye a filin biki. Cikinsu Mdou Moctar ya taso, bahagon da ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. A Sakkwato ya naɗi kundinsa Anar a 2008, da harshen Tamashek amma bisa salon waƙoƙin finafinan Hausa. Katin memori na salula ne ya yaɗa kundin hannu zuwa hannu, har Mali. A 2021 kamfanin Matador na Amurka ya fitar da kundinsa Afrique Victime, inda Mdou ya caccaki masu wawure arzikin Afirka ba tare da kwana-kwana ba.