Dariya a Fuska, Kuka a Ciki: Tarken Ɓoyayyen Jigon Baƙin Ciki a Shirye-shiryen Yara na Talabijin

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe suna mayar da hankali a kan waƙa da zube da wasan kwaikwayo na manya, amma ba kasafai suke waiwayar abin da ake nuna wa yara ƙanana a akwatin talabijin ba. Dalili kuwa shi ne, ana ɗaukar waɗannan shirye-shirye a matsayin wasan yara kawai: 'yan tsana masu launi, da tsalle-tsalle, da koyar da ƙidaya da baƙaƙe. To amma Bahaushe ya ce, ruwa ba ya tsami banza. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa a ƙarƙashin wannan raha akwai jigon baƙin ciki da aka saƙa da gangan, wato maraici da rashin lafiya da rabuwa, sannan ta auna ko wannan jigo yana isa ga yaron ƙasar Katagum yadda ya kamata.

Abin da ya zaburar da mu ga wannan nazari ƙaramin abu ne. Wata rana muna hutu a Azare, yaran gida sun kewaye talabijin suna kallon shirin Dandalin Sesame, ana ta ƙyaƙyata dariya. Can sai wata yarinya da ba ta wuce shekara shida ba ta juyo ta ce da mu, "Kawu, ita Kami ina babarta?" Yarinyar nan marainiya ce, kuma duk cikin yaran ita kaɗai ta lura da wannan giɓi. Muka rasa amsar da za mu ba ta.

2.0 Tushen Abin a Adabin Baka

Kafin mu ɗora wa talabijin laifi ko yabo, ya kamata mu tuna cewa cusa baƙin ciki a cikin labarin yara ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Duk wanda ya duba tatsuniyoyin da Frank Edgar ya wallafa tsakanin 1911 da 1913, ko waɗanda Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar a jerin littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni, zai tarar da marayu da 'ya'yan bora da yunwa da fari birjik a cikinsu. Shi kansa Gizo, wanda yara ke yi wa dariya, mafi yawan wayonsa yunwa ce ke haifar da shi. Ɗauki tatsuniyar Ruwan Bagaja, wadda Abubakar Imam ya ari sunanta ya sa wa littafinsa. A ruwayar da muka taso da ita, an tura 'yar bora wanke ƙirgi a wani ruwa mai nisa, ba don ana son tsabtar ƙirgin ba, sai don ana fatan kada ta dawo. Yaro yana jin daɗin abubuwan al'ajabin da ta gamu da su a hanya, da dukiyar da ta komo da ita, amma ƙashin bayan labarin shi ne ƙiyayyar cikin gida.

Abin lura a nan shi ne yanayin da ake bayar da tatsuniya. Ana yin ta da dare, a ɗakin tsohuwa ko a tsakar gida, kuma mai bayar da ita ta san kowane yaro da ke gabanta. Ta san wanda uwarsa ta rasu, ta san wanda aka saki uwarsa. Saboda haka takan sassauta murya a inda ya kamata, takan tsallake wani wuri, takan jawo wani yaro jikinta. Wato dai maganin yana tare da ciwon. Shirin Tales by Moonlight da gidan talabijin na NTA ya fara a 1984 ya yi ƙoƙarin kwaikwayon wannan zama, inda ake nuna wata mata da yara kewaye da ita tana ba su labari. Amma yaran da take iya gani su ne na cikin akwatin, ba na gabansa ba.

3.0 Kami: Marainiya Mai Fara'a

An fara nuna shirin Sesame Square a NTA a shekarar 2011, da tallafin gwamnatin Amurka, daga baya aka mayar da shi Hausa. Taurarinsa biyu ne: Zobi, shuɗin ɗan tsana direban tasi wanda ba ya gajiya da cin doya, da kuma Kami, 'yar tsana mai ruwan ɗorawa 'yar shekara biyar. Ita Kami ba a Nijeriya aka ƙirƙire ta ba. Ta fara fitowa ne a 2002 a shirin Takalani Sesame na Afirka ta Kudu, a matsayin yarinya mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, wadda mahaifiyarta ta rasu ta dalilin cutar. An ciro sunanta daga wata kalma ta harshen Setswana mai ma'anar karɓa ko amincewa, kuma a 2003 hukumar UNICEF ta naɗa ta mai fafutukar kare yara.

Ta fuskar salo, gwanintar da aka nuna a nan ita ce ta sakaya zance. Ba a nuna Kami a kwance tana nishi ba. Kullum cikin wasa take, cikin tambaya, cikin ƙwallo. Baƙin cikin yana cikin abin da babu ne: babu uwa a dandalin. A shirin Afirka ta Kudu har an ba ta wani ɗan akwati da take ajiye kayan tunawa da mahaifiyarta. Wannan dabara ta yi daidai da tarbiyyar Bahaushe, wadda ke yaba wa mai haɗiye damuwa, domin labarin zuciya a tambayi fuska, ita kuwa fuskar Kami ba ta faɗa. Sai dai a nan ne kuma raunin yake. Idan fara'ar ta yi yawa, yaron da ke cikin irin halinta zai iya ɗauka cewa kukansa laifi ne, tun da ga wata marainiya ba ta taɓa gajiya da dariya. Haka kuma darasin gidan sauro da aka yawaita a shirin, wanda ake isarwa ta hanyar shirmen Zobi, yana tsaye ne a kan wata gaskiya mai ɗaci da ba a furta ba, wato zazzaɓin cizon sauro yana kashe tsaran masu kallon.

4.0 Mutuwa a Bakin Yaro

Uwar waɗannan shirye-shirye, wato Sesame Street da aka fara a Amurka a 1969, ta taɓa fuskantar mutuwa gaba da gaba. A watan Disamba na 1982 ɗan wasan da ke fitowa a matsayin Mista Hooper mai kanti, wato Will Lee, ya rasu. Masu shirin suna iya cewa ya yi ƙaura, ko su sa wani a madadinsa. Maimakon haka, a watan Nuwamba na 1983 suka nuna manyan unguwar suna yi wa babban tsuntsun nan Big Bird bayanin cewa mutumin ya mutu, kuma ba zai dawo ba. Tsuntsun ya ƙi yarda, ya tambayi wanda zai riƙa kula da shi, ya nemi dalili. Ba a ɓoye masa hawayen manya ba.

Idan muka kwatanta wannan da al'adarmu, sai mu ga muna da abin da ya fi nasu, muna kuma da abin da ya gaza. Muna da amsar dalili, domin Musulmi ya san ajali da ƙaddara, ya san wanda ya bayar shi ya karɓa. Amma sau nawa muke ce wa yaro "ta yi tafiya" ko "ya je Kano", mu bar shi yana leƙen zaure har ya gaji? Ana zaman makoki, ana karɓar gaisuwa, amma da wuya a ga wanda ya yi wa ɗan shekara biyar ta'aziyya. Yaran da suka taso a Azare a 2014, shekarar da bama-bamai suka tashi a tashar mota da kusa da wani banki da kuma kasuwar wayoyi cikin watannin Oktoba da Nuwamba, sun ji ƙarar da kunnensu, sun ga manya suna gudu. Yanzu sun zama samari da 'yan mata, wasu ma suna cikin ɗalibanmu. Shin wane labari aka ba su a lokacin da zai taimake su fahimtar abin da suka gani? A 2020 masu Sesame sun fito da Ahlan Simsim cikin Larabci domin yaran da yaƙin Siriya ya ɗaiɗaita, inda aka mayar da hankali a kan koya wa yaro sanya wa tsoro da fushi da kewa suna. Hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta ratsa Azare ta kawo mana irin waɗannan yara daga gabas, kuma su ma sun cancanci irin wannan kulawa cikin harshensu.

5.0 Gargaɗi ga Mai Tarke

Duk da haka, wajibi ne mu ja kunnen kanmu. Ba kowane baƙin ciki da babba ya hango a shirin yara ba ne yake can. Misali, wasu sukan kafa hujja da wani kashi na Tom da Jerry na 1956, inda aka ƙare da kyanwar da ɓeran zaune a kan layin dogo bayan masoyansu sun guje su, su ce wai duk shirin labarin yanke ƙauna ne. Wannan wuce gona da iri ne. An yi waɗannan katun ne tun asali domin gidajen silima inda manya da yara ke kallo tare, kuma kashi ɗaya ba ya zama hukunci a kan sauran. Sau da yawa kewar ƙuruciyarmu ce muke gani, mu jingina ta ga shirin. Ma'aunin da muke ba da shawara shi ne: jigo na gaskiya shi ne wanda zubin labarin ke ɗauke da shi, wanda kuma yaro zai iya tuntuɓe da shi ko da bai iya faɗin sunansa ba, kamar yadda marainiyar nan ta yi tuntuɓe da rashin uwar Kami.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa baƙin ciki tsohon baƙo ne a labarin yara, tun daga tatsuniya har zuwa talabijin, kuma ba aibi ba ne, hasali ma shi ne gishirin da ke sa labarin ya zauna. Bambancin shi ne tsohuwa tana da cinyar da yaro zai kwanta, akwati kuwa ba shi da ita. Saboda haka nauyi biyu ne a kanmu. Na farko, iyaye su daina mayar da talabijin mai reno, su zauna a kalla tare da su, domin tambayar takan zo ne ba zato. Na biyu, ɗalibanmu masu sha'awar ƙagaggen rubutu su daina raina rubuta wa yara. Fassarar shirin wasu, kome kyanta, kayan aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Muna bukatar 'yar tsanar da ta san zaman makoki, ta san gidan kishiya, ta san yaron da aka kai almajiranci yana kewar gida.

Ita kuwa yarinyar da ta yi mana tambaya, sai washegari muka kira ta muka faɗa mata gaskiya, cewa babar Kami ta rasu. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "To, a yi mata addu'a." Abin da masu shirin suka sakaya, ita ta buɗe shi, ta kuma ba shi amsar da ta dace da gidansu.